Na Rage wa Motar Auta Ƙarfi

Litinin, 3 ga Maris
Auta ya dawo da motar gareji, baƙin mai ya ƙone ƙurmus. Bakina ya gaji da faɗa wa ƙanen nan nawa cewa injin tsere ba a kashe shi da zafinsa. Shi kuwa da ya tsallake layin ƙarshe sai ya murɗa makulli, ya fito yana ɗaga hannu ana masa tafi. Ni na haɗa injin nan, fistan bayan fistan, har farcena ya fita. Nasa aikin taka totur da washe baki.

Laraba, 5 ga Maris
Mama ta zo gareji da ƙafarta, ta ƙi zama. "Kai ne babba, kuma kai kake ɗaure masa gindi. In wani abu ya same shi, kai zan tambaya." Ni! Ni da ko hanyar filin tseren ban taɓa bi ba. Shi ya yi hauka, ni a zo a tsare ni da ido. Raina ya ɓaci ba kaɗan ba.

Alhamis, 6 ga Maris
Na rage wa turbo iskar da yake hura wa injin. Ɗan juyi ne da sifana, kunne ba zai gane ba, amma motar nan ta gama cin kowa. Auta ba ya jure kunya. In ya sha kaye a gaban mutane zai haƙura da kansa, kowa ya huta.

Lahadi, 9 ga Maris
Ya sha kaye. Madalla.

Talata, 11 ga Maris
Na shirya ya zo ya zagi motar, in ce to sayar da ita. Sai ya zauna a kan tsohuwar taya, kai a ƙasa. "Laifina ne, Yaya, ban sa giya a kan lokaci ba. Injinka ba ya ƙarya."
Wa ya tambaye shi? Wuni na yi ina jin haushinsa, ban ma san na mene ne ba.

Litinin, 17 ga Maris
Ya sake shan kaye jiya, kuma ko alamar haƙura babu. Na cire fulogi na gan su farare fat, alamar injin ya sha zafi. Wato wawan riƙe giya yake yi har allurar mitar injin ta shige jan layi, yana neman ƙarfin da babu shi. Na wanke shi tas a gaban masu kawo gyara. Na ce so kake fistan ya fasa bonet ya fito?
"To yaya zan yi, Yaya? Ba ta tafiya."
Na yi wurgi da sifana, ta fasa min fitilar motar wani.

Laraba, 19 ga Maris
Mai walda na kusa da mu ya ce ya ga motar a wurin Yanzu-yanzu. Yanzu-yanzu fa! Bakaniken da ke ɗaure tiyon fetur da tsumma. Wai zai sa masa kwalbar gas ɗin nan mai ba injin ƙarfi farat ɗaya. Injin nan ban gina shi don gas ba. Ana danna maɓalli zai tarwatse, fetur ya bi salansa mai zafi, ga yaron ɗaure da bel a ciki.
Na kasa cin abinci.

Alhamis, 20 ga Maris
Na je na ƙwato ta. Har an huda wurin ɗaura kwalbar. Abin da na faɗa wa Yanzu-yanzu ba na rubutawa ba ne.
A hanya Auta ya ce, "Kada ka ji haushi, Yaya. Na ga kamar ka gaji da ni ne, shi ya sa." Na ce ya rufe min baki.
Na mayar da turbo yadda yake. Sabbin fulogi, sabon baƙin mai, birki na bi shi ƙafa huɗu. Da na tashe ta Auta ya zabura, "Me ka yi mata?" Na ce datti ne.

Juma'a, 21 ga Maris
Na faɗa wa Mama gaskiya ɗaya: hana shi ya fi ƙarfina, in na saki motar kuma hannun mahaukata za ta faɗa. Ta juya min baya ta ci gaba da shanya.

Lahadi, 23 ga Maris
Na je filin. Don injin na je, in ji shi da kunnena, ba don komai ba. Ƙura, hayaƙin taya, samari sai ihu kamar an saki awaki. Motoci biyu a layi, aka sauke tuta. Giya ta ɗaya, ta biyu, ta uku, kowace a daidai inda ni zan sa ta. Ban san yaron ya iya haka ba.
Har yanzu haukan banza ne a wurina.
Muryata ta dishe, ko sallama ba ta fita. Mama ta tambaya, na ce mura ce. Ta daɗe tana kallona, sannan a hankali ta ce, "Ya ci?"
Na gyaɗa kai.