Zanen da ke Aljihun Barau

Nasarawa Burkullu, 4 ga Maris, 2014

Yaya Sufyanu,

Assalamu alaikum. Ya kasuwa, ya mutanen Gummi? Ni ce Fa'iza, ƙanwar abokinka Barau. Mun gode da zuwanka gaisuwa.

Wata magana ta hana mu sakat. Da masu haƙar zinariya sunka kawo kayanshi daga ramin da ya rufta da shi wajen Anka, munka sami takarda a aljihunshi. Zane ne mai gidaje tara kamar hatimi, amma babu sunan Allah, sai ƙoƙon kan mutum da jemage da kyandir. Kawu Lirwanu ya ce tsafin neman zinariya ne, a gaban mutane ya faɗa. Tun ranar Inna ba ta ƙara sa Barau a addu'a ba, tsoro take ji ko ba da imani ya cika ba. Ta rame, Yaya.

Na kwafi zanen a bayan takardar nan. Kai ka san shi ciki da waje. Don Allah faɗa min gaskiya, ko da ba daɗi.

Ƙanwarka,
Fa'iza

Gummi, 9 ga Maris, 2014

Ƙanwata Fa'iza,

Wa alaikumus salam. Ya ƙarin haƙuri? Ki gaishe min da Inna.

Wallahi dariya na fara, sai kuma hawaye. Wane irin tsafi? Gem ne, wasan da yara ke yi a talabijin. A shagona na gem akwai wani tsohon kaset da ya girme ki, mun sa mishi suna Mai Fitila. Mutum ne da fitila da sanda, yana tsallake kaburbura yana bugun ƙwarangwal. Kowa gem ɗin ƙwallo yake bugawa, yayanki kaɗai ya nace ma wanga tsohon abu, ina yi mishi tsiya yana ƙyale ni.

Injin gem ɗin ba ya tuna inda ka tsaya. In ka ci mataki sai ya nuna zane, ka kwafa, ran da ka dawo ka shigar ka ci gaba. Ni na ba Barau biron da ya kwafa da shi. Shekara biyu yana fama kafin ya kai nan.

Baki ba zai isa ba. Ranar Asabar zan ɗauro talabijin da injin da ƙaramin janareta a babur. Ki tabbata Kawu Lirwanu yana gida.

Yayanki,
Sufyanu

Nasarawa Burkullu, 20 ga Maris, 2014

Yaya Sufyanu,

Gaisuwa mai yawa. Da fatan babur ɗin ya kai ka gida, don hanyarmu ba ta raga mishi ba.

Ban san da wane baki zan gode maka ba. Ka ga dai yadda Inna ta riƙe takardar da kanta, tana nuna maka gida-gida, kana shigarwa, har ƙofar nan ta cikin gem ɗin ta buɗe a talabijin. Kawu kuwa sai gyaran hula. Washegari ya janye maganarshi a ƙofar masallaci.

Bayan tafiyarka Inna ta tambaye ni ko da gaske ƙofa ɗaya ta rage ma Barau ya gama. Na ce haka ka ce. Ta ce tun yana yaro haka yake da naci.

Da la'asar na ji ta a kan sallaya. Sau uku ta kira sunanshi a addu'a.

Ta ce ka ƙarasa mishi gem ɗin. Zanen da na kwafa yana wurinka, takardar Barau kuwa ta ce ba ta ba kowa.

Allah ya saka da alheri.

Ƙanwarka,
Fa'iza