Ɗigo Uku a Kan Ƙwaryar Inna

Daren Talata, Buza

Yau dai hasken ya haɗu, alhamdulillahi. Wata biyu ke nan ina fama da diyod ukun nan, wato ƙananan fitilun lazer, da na ciro daga matattun injinan DVD a shagona. Kowane shi kaɗai ba ya kama bayan ƙwarya, sai haskensu ya faɗa wuri guda. Da la'asar na ɗan murɗa madubi na ƙarshe, ɗigo ukun suka zama ɗaya, sai ga hayaƙi siriri.

Don Inna na fara wanga aiki. Tun ina yaro take zanen ƙorai da wuƙa mai zafi, yanzu hannunta rawa yake, ta aje sana'ar. Na kira ta, na ce ta juya baya saboda ido, na sa tabarau na kariya, na ja layi ɗaya a bakin ƙwaryar.

Ta karɓa ta shinshina, tana bin layin da yatsa.

"Ƙamshin dai shi ne," ta ce. "Amma wa ya ce maka daga baki ake farawa? Daga gindi ake tashi."

Gaskiya na ji haushi. Wata biyu, ko sannu babu!

Kafin magariba sai ga ta da sabuwar ƙwarya, ta zane ta da gawayi, ta ce in bi da wutata. Layukan duk a karkace suke. Na daɗe ina tunanin ko in miƙe su. A'a. Yadda ta ja su, haka zan bi.