Sifilin da Na Rubuta wa Injin Dada

Lome, 4 ga Nuwamba, 2002

Zuwa ga Yayana Yawovi,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina gajiyar hanya? Yaya Dapaong da zafinta, yaya Kafui da tagwayenku? Ni lafiya lau, sai ciwon idon da lissafin mutane yake sa ni.

Wasiƙarka ta iso ta hannun direban da ka ba. Na karanta ta a tsaye, na nemi kujera na sake karantawa. Ashe da ka je gida Kpalime har ka yi ciniki da mai sayen tsofaffin ƙarafa a kan injin niƙan Dada? Sefa dubu sittin! Wai ƙarshen wata zai zo da mota ya kwashe. Haba Yaya! Injin da Baba ya bar wa mahaifiyarmu, wanda ya biya min kuɗin makaranta, ya biya maka na koyon tuƙi, shi za a ɗora a sikeli kamar doya?

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne ka ce takardata ce hujjarka. Na tuna ta sarai. Bara da Kirsimeti na rubuta ta, lokacin sabuwar shiga ce ni a ofishin akanta, kaina ya kumbura, ko tukunya na gani sai na yi mata lissafi. A aikinmu, in an sayi inji, kowace shekara ana cire wani kaso daga kuɗin sayensa saboda tsufa. Baba ya saye shi dubu ɗari shida, na cire kashi ɗaya cikin goma sau goma, na rubuta sifili a ƙasa, har na ja masa layi biyu don burga. Ban taɓa zaton wani zai ciro ta daga akwati ya karanta wa Dada ba.

Don Allah kada ka karɓi ko dala daga mutumin nan. Ka ba ni mako biyu.

Ƙanwarka mai ƙaunarka duk da haka,
Enyonam

Lome, 12 ga Nuwamba, 2002

Yayana,

Bayan gaisuwa, ina fatan tarin da ka ce yana damun Kafui ya lafa. Ka ce mata ta rage ruwan sanyi.

Na ga amsarka. Na yarda ba kwaɗayi ne ya sa ka ba, ciwon bayan Dada kake tausayi. Amma ka san me inna Mawusi, maƙwabciyarmu, ta faɗa min da ta shigo Lome sarin atamfa? Tun ranar da ka tafi, Dada ba ta buɗe rumfar injin ba. Mata suna zuwa da kwanukan masara a ka, tana zaune a ƙofa tana ce musu: “Ku je na bakin tasha. 'Yata mai boko ta rubuta nawa ba ya da daraja.” Yaya, a gaban mutane a kasuwa na yi kuka.

Washegari na kai kwafin takardar wa maigidana, tsoho Amuzu, mutumin da tabarau ɗinsa ba ya barin ƙarshen hanci. Ya duba, ya yi dariya har ya ƙware. Ya ce: “Yarinya, lissafinki daidai ne, hankalin ne bai iso ba tukuna. Wannan sifilin na littafi ne. Ina kimar yau?”

Kalmar nan na haddace ta don jarrabawa, valeur actuelle ake ce mata da Faransancin ofis, amma sai a ranar na gane ta. Kimar yau ba ruwanta da abin da aka biya shekarun baya, ba ruwanta da abin da littafi ya rage. Tambaya biyu ce: yau ɗin nan, nawa mai hankali zai biya ya mallaki abin a yadda yake, kuma wane amfani yake yi wa mai shi? Tsohon ya nuna ƙirjinsa ya ce: “Ni ma a littafin gwamnati na ƙare tun da suka yi min ritaya shekara takwas da suka wuce. Wa ke gyara muku kurakurai a ofishin nan?”

Ya ba ni hutun mako guda, ya ce kada in dawo masa da lissafin kan tebur, in je in shaƙi gari. Jibi zan hau mota.

Ka gaida tagwaye, ka ce gwaggonsu tana sane da alkawarin takalma.

Taka,
Enyonam

Kpalime, 18 ga Nuwamba, 2002

Yayana abin ƙaunata,

Ina gaishe ka daga tsakar gidanmu. Dada ma tana gaishe ka, ta ce in rubuta cewa har yanzu ba ka dawo mata da kwanon fufunta ba.

Ranar da na iso ba ta ko tambaye ni hanya ba. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce: “Mai biro ta iso. Yau kuma me za a mayar sifili, ni ce?” Na durƙusa na ba ta haƙuri. Na ce ina roƙon alfarma ɗaya: ta buɗe rumfar ranar kasuwa, ni kuma in zauna da littafi. Ta ce za ta buɗe don masu masara, ba don ni ba.

Yaya, ka san ƙarar injin nan. Da ta ja shi ya kama, unguwa duk ta ji. Kafin azahar na ƙirga kwano arba'in da ɗaya, masara, rogo, barkono, har da wake. Na yi fari fat kamar an tsoma ni a buhu, matan suna ta yi min tsiya, wai akanta ta zama ƙosai saura a soya. Na kira bakanike Kudjo ya buɗe cikinsa. Ya ce bel ne kawai ya gaji, sai haƙoran da ke son wasawa, amma ƙarfen irin na da ne. Na zaga wajen dillalai biyu a gari. Ka tuna Baba ya saya tun kafin a karya darajar sefa? Yanzu sabo ya haura miliyan ɗaya da rabi, irin namu kuma ba wanda zai sallama shi ƙasa da dubu ɗari bakwai. Mai ƙarafan nan ba narkar da shi zai yi ba, fenti zai shafa masa ya sayar. Na aika masa kada ya wahalar da motarsa.

Game da bayan Dada, kana da gaskiya. Mun shirya da inna Mawusi za ta riƙa ɗaga mata kwanuka ana biyanta daga cinikin rana. Kuɗin bel kuma ni da kai ne, kada ka yi kamar ba ka ga wannan layin ba.

Da yamma na karanta mata sabon adadin. Ta shafa jikin injin, ta ce ashe ya fi yadda Baba ya saye shi. Ta sa na rubuta da alli a bangon rumfar, manya-manya, yadda na bakin tasha zai hango. Sannan ta tambaye ni me ya sa na sa kwanan wata a ƙasa. Na ce ai kimar yau ce, ta yau kaɗai, duk ƙarshen shekara sai an zo an duba da ido an sake kimantawa.

Ta ce: “Da ido? Ba a yi daga Lome?”

Na ce ba a yi.

Ta karɓe allin daga hannuna, ta ƙulle shi a bakin zaninta. Ta ce: “To, yana wurina. Ki zo ki karɓa baɗi.”

Wata goma sha ɗaya rabona da gida kafin zuwan nan, Yaya, kuma ba ta taɓa yi min ƙorafi ba. Ka nemi hutun Disambar baɗi tun yanzu, ka zo da kwanon.

Ƙanwarka,
Enyonam