Naman Sunan da Aka Dawo Mana da Shi

Zuwa ga ƙanena Habibu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida matarka Rukayya da yarinya. Na kira lambarka har na gaji, shi ya sa na rubuto a nan dandalin sada zumunta inda kowa zai gani. Waɗanda suka kore ka ma su karanta, ai har da su nake.

Ka tuna shekarar da gwamnatin ƙasar nan ta tsuke bakin aljihu, aka rufe ɗakin bincikenku a Birmingham, sikolashif na gida kuma ya tsaya cak. Ga Rukayya da tsohon ciki, ga biza tana shirin ƙarewa. Babu ƙofar da ba ka buga ba, babu wadda ta buɗe sai wata masana'antar giyar wiski can arewacin Sikotland. Masanin sinadarai mai hanci suke nema. Hanci kuwa kana da shi, tun kana yaro daga zaure kake faɗin miyar da maƙwabta suka kaɗa.

Ka zo unguwarmu Old Trafford a Manchester, ka zauna a kicin ɗina kana ba ni labari baki har kunne. Wai wasu manoma, wa da ƙani, su suka fara dafa ta a ɓoye cikin duwatsu don gudun masu haraji. Wai sha'ir ake jiƙawa ya tsiro, a busar da shi da hayaƙin wata baƙar ƙasa da ake yankowa a fadama, a dafa a tukwanen tagulla, a ɗura a gangunan katako, a manta da ita shekara da shekaru. Wai tasu ta gida ɗaya ce, ba a gauraya ta da ta kowa. Ka ce hayaƙi ne yake fara tarar hanci, sai zuma, sai busasshen dabino da ɓawon lemo, can ƙarshe citta.

"Yaya, shaƙa kawai nake yi, wallahi ko ɗigo bai taɓa harshena ba." Na yarda da kai. Amma na faɗa maka ba na so, kuma har gobe ba na so.

Sai Rukayya ta haihu a unguwarku Sparkbrook a Birmingham. Ka sa aka yanka rago, na taho daga Manchester na yini a bakin wuta ina suya. Na zuba a robobi, na hau bas a Stratford Road, na bi gidajen mutanenmu ɗaya bayan ɗaya kamar yadda aka saba. Kowa ya karɓa hannu biyu, da murmushi, da Allah ya raya. Washegari kafin la'asar robobin sun dawo ƙofarku a jere, ko buɗe su ba a yi ba, wai naman kuɗin giya ne. Wanda ya fara dawo da nasa wani akanta ne, da kowa ya san har shagunan giya yake yi wa aiki. Lokacin da kake yawon neman abin yi, ko ɗayansu bai ɗaga waya ya ce yaya ake ciki ba.

Ka kwashe iyalinka ka yi arewa, ka toshe lambar kowa. Fushinka da su na gane shi sarai. Amma ni me na yi maka? Ni na soya, ni na raba, ni aka yi wa murmushin ƙarya a bakin ƙofa. Wannan yana ci mini rai, Habibu, fiye da naman.

To, ga abin da ya sa na tono duk wannan. Jikin Mama ya yi tsanani a Zariya. Ashe ka gaya mata a gidan haɗa ƙamshi kake aiki, ita kuwa ta ɗauka turare ne, ta cika unguwa da alfahari. Makon jiya ta ce in gaya maka ka aiko mata da kwalba ɗaya cikin wanda ka haɗa da hannunka. Ba yanzu za ta shafa ba. Ta ce a ajiye, a zuba mata a likkafaninta.

Ban tona ka ba, ban kuma iya cewa to ba. Na ce zan tambaye ka. Ga shi na tambaya. Ka kira ta, ƙanena, tun tana gane muryoyi.

Allah ya fitar da kai zuwa aikin da za ka iya faɗa wa uwarka sunansa. Allah ya ba ta sauƙi, ya raya mana yarinya.

Yayarka,
Bilkisu