Shafukan Farko na Littafin Sa'adatu

Talata Mafara
Maris, 1978

Zuwa ga ƙanwata Lantana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki Labbo. Yaya baƙunta a sababbin gidajen da aka ba ku a Maradun? Allah ya sa ku saba.

Sa'adatu lafiyarta lau. Tun da kika yaye ta kika ba ni riƙonta, na sayi littafi irin na 'yan makaranta, ina rubuta abin da ta yi. Ranar kitsonta na farko ta ciji mai kitson, na rubuta. Ranar da ta ce mini Inna, ba wanda ya koya mata, na rubuta. Shekaranjiya ta tsaya bakin hanya tana ɗaga wa motocin aikin dam hannu. Wani Bature ya ɗago mata nasa, sai ta rugo ta ɓuya cikin zanena. Wannan ma yana cikin littafin.

Amma shafukan farko na bar su ba komai. Shekara biyun da ta yi a bayanki, ke kaɗai kika san su. Wace rana ta zo duniya? Wane haƙori ya fara fitowa? A ina ta fara takawa? Ki rubuto mini, in cika.

Ki gaida Labbo da surukarki.

Yayarki,
Taiba

Maradun
Afrilu, 1978

Zuwa ga Yaya Taiba,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Takardarki ta iso, na gode. Muna lafiya. Gidajen ba laifi, sai dai babu inuwa ko ta itace ɗaya, kuma ƙasar tsakuwa ce. Masu zuwa bakin dam sun ce ruwa ya kai gindin tsamiyar tsohon garinmu.

Zancen da kika kawo kuwa, Yaya, kin fi ni sanin ba ya fita daga bakina. Ɗiyar fari ce. Ban taɓa kiran sunanta ba, ban taɓa yi mata wasa a gaban mutane ba, haka Inna ta koya mana. In aka ji ina lissafa haƙoranta, da wane ido zan dubi dangin mijina? Na ba ki ita, taki ce. Ki fara littafinki daga ranar da ta shigo gidanki.

Allah ya saka miki da alheri. Ki huta lafiya.

Ƙanwarki,
Lantana

Bakura
Yuni, 1978

Taiba,

Salamu alaikum. Ya gida, ya ƙoƙari? Na je Maradun kai albasa, na biya wajen Lantana. Ashe malamar makaranta muka samu a gidanmu ban sani ba. Aji huɗu kika yi, kin tashi rubuta tarihin yarinyar da ko tsarki ba ta iya yi wa kanta ba.

Ki sassauta wa ƙanwarki. Surukarta ta ji labarin, har tana tambayarta ko ita ma za ta fara ɗaukar ɗiyar fari a cinya irin na matan birni. In abin rubutawa kike nema, ga nawa: ragon suna fari ne mai baƙin kunne, ni na feɗe shi, ni na ci hantar. Ki sa sunana da manyan baƙaƙe.

Sai abu ɗaya da ba ta gaya miki ba. Gonar Labbo ta shiga ruwa, wadda aka nuna masa kuma ko gero ba ta yi. Bayan babbar Salla zai kwashe iyalinsa su tafi ƙasar Gwari neman wurin noma. Shi kansa bai san garin da za su sauka ba, balle a ce takarda za ta same su.

Ki shafa mini kan 'yar rigimar.

Wanki,
Barau

Talata Mafara
Yuli, 1978

Lantana ƙanwata,

Sallama da gaisuwa. Yaya Barau ya gaya mini tafiyarku. Allah ya sa ku dace da ƙasa mai kyau.

Ba zan zagaya ba. Kin san Audu, ɗana na fari, wanda ƙyanda ta ɗauke. Ni ma na yi masa kunya yadda aka koya mana. Ban kira sunansa ba sai ranar da ake yi masa wanka, lokacin ba ya ji. Yanzu in na zauna ina son in tuna ko da wace ƙafa ya fara takawa, sai in rasa, don a lokacin kau da kai nake yi. Babu wanda zan tambaya. Abin da ya sa na sayi littafin ke nan.

Sa'adatu za ta girma, za ta yi tambaya. Ɗakin da kika haife ta yana ƙarƙashin ruwa, ba zan iya kama hannunta in nuna mata ba. In kika tafi da bakinki a rufe, farkonta ya tafi tare da ke. Ni kuma ba zan cika shafi da ƙirƙira ba. A layin farko na riga na rubuta: Sa'adatu, ɗiyar Labbo da Lantana. Ni mai riƙo ce, ban ɓoye wannan ba, kuma ba zan ɓoye ba.

Ban ce ki kira sunanta ba, ban ce ki faɗa a gaban kowa ba. Ki rubuta sa'ad da surukarki ta tafi unguwa, ki liƙe, ki ba Barau. Na san kin riƙe komai. Na ga yadda kike kallonta ta gefen ido ranar da na zo ɗaukarta.

Ina jira.

Yayarki,
Taiba

Maradun
Oktoba, 1978

Yaya,

Ina gaishe ki. Mun fara ɗaure kaya.

Ranar Laraba ce, da hantsi, ana cikin yankan gero. Ba ta yi kuka ba sai da ungozoma ta watsa mata ruwa. Haƙorin ƙasa na hagu ya fara fitowa, ta yi zawo kwana da kwanaki. Ba ta yi rarrafe kamar sauran yara ba, da gindi take ja, babanta yana yi mata dariya. Bakin rumbu ta fara takawa, tana bin akuya. Ba kowa a gidan, sai na ɗauke ta na yi ta juyi da ita har jiri ya kama ni. Wannan ma ki rubuta.

In ta tashi barci da kuka, ki hura mata bayan wuya, tana yin shiru.

Yaya, har yanzu tana tsotsar yatsa? Ki ba Barau amsa kafin Salla.

Taki,
Lantana