Takabar Inna a Bakin Tafki

Kilomita Biyar, Bangui
20 ga Yuni, 1996

Zuwa ga Yaya Mahmudu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wannan takarda ta same ka lafiya, kai da iyali da duk 'yan uwa na Fagge. Allah ya ƙara muku lafiya, ya jiƙan Baba, ya sa can ta fiye masa nan. Mu nan da sauƙi. An buɗe shaguna a Kilomita Biyar, waɗanda aka bar wa ƙofa ke nan. Kumburin ƙafar Goggo Hureira ya sauka. Makarantar da nake koyarwa har yanzu a rufe take saboda an kwashe bencina, don haka ina da lokacin doguwar takarda, sai ka yi haƙuri.

Saƙonka ya iso ta bakin Abdulgani, da ya zo daga Kano. Ya zauna gaban Inna ya faɗa yadda ka ba shi: wai na fitar da uwa mai takaba daga ɗakin mijinta na kai ta wurin shaƙatawar Turawa, kuma takabar ta ɓaci. Ban ga laifinsa ba, bai rage ko kalma ɗaya ba. To ga yadda aka yi, daga bakin wadda take wurin.

Boren sojoji na Afrilu a gida muka yi shi, kwance a ƙasa. Na Mayu daban ne. Rana ta uku harsashi ya huda kwanon rufin ɗakin Inna ya fasa randa, tana zaune taku biyu daga wurin tana lazimi. Ta dubi ruwan yana malala, ta ce a kawo tsumma. Ni kuwa na nemo Ɗantala, tsohon direban Baba. Hanyar arewa ce kaɗai a buɗe, shi kuma wuri ɗaya ya sani, wani masaukin masu kamun kifi a bakin tafki bayan Boali, inda ya saba kai gishiri da kananzir. Inna ta ce ba ta fita. Na ce to ni ma ba na fita, na je na zauna daidai inda randar take. Haka ta shiga mota. A shingen Kilomita Sha Biyu wani soja ya bincike mu, makamin da ya samu shi ne 'yar wuƙar da Inna ke riƙewa saboda takaba. Ya karɓe ta da fuskar wanda ya ceci ƙasa.

Wurin shaƙatawar da aka ba ka labari bukkoki shida ne na jinka, da gadon gora, da gidan sauro mai faci, da baranda ta katako da ta miƙa kan ruwa. A bangon ɗakin cin abinci akwai hotunan Faransawa, kowanne rungume da giwan ruwa kamar ɗan da aka haifa masa. Su duk jirgi ya kwashe su a makon, mu kaɗai ne baƙi. Da asuba masunta su tura kwalekwale, da hantsi su dawo su shanya koma. Ba ka jin komai sai kwaɗi da tsuntsaye, har kunnena ya riƙa neman harbi.

Mai wurin, Madam Selestin, ta yi mana irin karɓar da ta iya: tebur da farin ƙyalle a baranda, furanni a kwalba, sabulu mai ƙamshi a ɗaki. Wato duk abin da mai takaba ba ta kusanta. Inna ta tura sabulun waje da ƙafa, ta ja tabarma lungu, ta juya wa ƙofa baya. Kwana uku ba ta sa komai a ciki ba sai ruwan shayi. Ta ce wadda ta bar ɗakin mijinta ba ta da bakin cin abinci. Na kawo mata hujja daga littafi cewa lalura ta halatta fita, ta ce littattafan nan ne suka koya mini musu da manya. Madam kuwa ta ɗauka ƙyamar tukunyar Kirista muke yi, gaisuwarta ta gajarta. Wannan laifina ne. Ban yi mata bayani ba, ina ganin maganar cikin gida ce.

Rana ta huɗu, da na ga yunwa ta fara galabaitar da Inna, na gaya wa Madam komai da harshen Sango. Ta tambayi kwana nawa da rasuwar. Na ce hamsin da 'yan kai. Ta ce ashe ni yarinya ce duk da tabarau. Da azahar ta naɗe farin ƙyallen, ta cire 'yan kunnenta da takalmi, ta ɗauko gozo, wato tuwon rogo, da maboke, kifin nan da ake naɗewa a ganye a gasa kan garwashi, ta zauna a ƙasa bakin ƙofar Inna. Ta ce a wajensu ba a barin wadda mijinta ya mutu ta ci ita kaɗai, kuma ba 'yarta ce ke ba ta ba, sai wadda ta riga ta binne nata. Nata mijin tafkin nan ne ya ci shi shekara shida da suka wuce, sai da aka kwana biyu ana nema. Ta buɗe ganyen, tururin albasa da barkono ya cika bukkar, ta zare ƙaya ɗaya bayan ɗaya, ta fara ci, sannan ta tura kwanon ciki. Inna ta tambaye ni ƙasa-ƙasa wa ya yanka. Na tuna mata kifi ne. Ta yi loma uku kamar ana tilasta mata, sauran kuma ba wanda ya tilasta mata.

Da Madam ta ji labarin wuƙar, ta wanke wadda take kankare ɓawon kifi da ita ta ba Inna. Kwana tara suka yi haka, rana da yamma, yau karfasa gobe tarwaɗa, suna lissafa halayen mazajensu, kuma ba duka yabo ba ne. Ni a baranda nake cin nawa ni kaɗai, an ce ban kai ba. Inna ba ta taka barandar ko sau ɗaya ba. Tafkin ma ta ƙofa ta gan shi.

Mun dawo farkon Yuni. Malamin da ya yi wa Baba salla ya zo daga Masallacin Koudoukou ya ce takabarta tana nan, ta ci gaba da lissafi, ta fita farkon Agusta. Ta yarda, hankalinta ya kwanta. Sai saƙonka ya zo. Yanzu ta ce za ta sake daga farko, wata huɗu da kwana goma, kuma ko gidan zai rushe a kanta ba ta ƙara fita. Yaya, sojojin nan ba su mayar da bindigogin duka ba. Kowa a kasuwa ya san za a sake, gardamar kawai a kan wane wata ne. In aka fara tana cikin wannan rantsuwa, ba ni da wata dabara da ta rage.

Maganata ba ta da nauyi a wurinta. Ta malamin ma taka ta danne ta, don kai ne babba, kuma kana Kano, inda take ganin can aka ajiye addini. Ban nemi ka ce na yi daidai ba. Ka ci gaba da fushi da ni, zan iya ɗauka. Ka tambayi malamin da ka yarda da shi, sannan ka rubuto mata da ajami, da hannunka, layi biyu: takabarta ba ta ɓaci ba, kuma in harbi ya dawo ta bi ni. Kada ka sake ba da saƙon baki.

Ka gaida Anti Suwaiba, da Haris da Ikram, da Kawu Nasidi da mutanen gidansa. Goggo Hureira da Ɗantala suna gaishe ku. Inna ba ta san ina rubuto maka ba, amma tana gaishe ka, don kullum bayan la'asar sai ta tambaya ko wani ya zo daga Kano.

Wassalam,
ƙanwarka,
Ummuhani