Akwatin Littattafan da Aka Hana Mu Buɗewa

Makarantar Firamare ta Unguwar Rabo,
Hanyar Kurfi.
8 ga Maris, 1982.

Zuwa ga Maigirma Sakataren Ilimi,
Dutsin-Ma.

Ranka ya daɗe,

Game da: Littattafan Turanci na 'yan aji shida

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ni Gidiyon Yunana, hedimastan wannan makaranta, ina neman izinin gabatar da kukana.

1. Ranar 14 ga Satumba, 1981, aka sauke mana akwatin littattafan Turanci, ɗaure da waya, da takardar umarni cewa kada a buɗe sai sufeto ya zo ya duba ya sa hannu. Wanda ya saɓa, a bakin aikinsa.

2. Sufeton da takardar ta ambata an yi masa canjin wurin aiki a watan Oktoba. Wanda ya gaje shi ya ce ba sunansa ke jiki ba. Sau huɗu ina taka keke zuwa Dutsin-Ma, kullum sai a ce in dawo.

3. Yara talatin da ɗaya za su zauna jarrabawar shiga sakandare a watan Mayu, kuma da Turanci za a tambaye su. A gidajensu ba mai jin Turanci. Littafi ɗaya gare mu, nawa na kwaleji, shi nake kwafa a allo. Zinariya 'yar Malam Labaran, wadda ta fi kowa ƙoƙari, ta haddace shi har da lambar shafi, ba abin da ya rage da zan koya mata.

4. A gwajin Disamba, yara huɗu kawai suka ci. Aka aiko mini da takardar tuhuma, wai in bayyana dalili. Ranka ya daɗe, dalilin yana bayan kujerata, kullum ina jingina da shi. In na buɗe a kore ni, in na bari yaran su faɗi a tuhume ni. Gaba kura, baya sayaki. Iyaye kuwa sun fara cewa ɓoye littattafan na yi, har kunyar ratsa kasuwar Kurfi nake ji.

5. Ranar Alhamis da ta wuce na ga ƙasa ta hau gindin akwatin. Na kara kunne, na ji motsi a ciki.

Saboda haka ina roƙo, cikin ladabi, a turo kowane jami'i, ko a ba ni izini a rubuce, layi ɗaya ya isa, in tsinke wayar nan. Wata shida yarana suna jiran sa hannu. Gara ba ta jira ba, ta riga su fara karatu.

Ka huta lafiya.

Naka mai biyayya,
Gidiyon Yunana,
Hedimasta.